Ranar da Tamu Ta Faɗi Sunan Ɗanta

A rugar su Hambali, kusa da Yekuwa, in ka tambayi wace ce ta fi kunya cikin matan gidan, kowa Tamu zai nuna maka. Tun da aka kawo ta ɗakin Hambali ba wanda ya taɓa ganin ta tana cin abinci. Surukarta, Inna Fadi, har alfahari take yi da haka a bakin rijiya, sai ka ce ta samu saniyar da ba ta cin harawa amma tana ba da nono.

Da Tamu ta haifi ɗanta na fari, bayan farin nan da ya kwashe rabin garke, sai kunyar ta ƙaru, don haka al'adarsu take. Ɗan fari ba na uwarsa ba ne a gaban mutane. Ba ta faɗin sunansa, ba ta goya shi a tsakar gida, in ya faɗi ba ta waiwaya. Kowa na kiran yaron Dikko, amma a bakin Tamu sunansa "wancan", ko kuwa "yaron Inna". Hambali ma haka. In yaron ya rarrafo wajensa, sai ya miƙe ya ce zai je ya duba maruƙa.

Sai dai Dikko da lalura ya zo duniya. Leɓensa lafiya lau, amma in ya buɗe baki sai ka ga ganɗarsa a tsage, tun daga tsakiyar rufin baki har can kusa da maƙogwaro. Ba ya iya kama nono. In ya sha abu, rabi ya wuce ciki, rabi ya dawo ta hanci. Mata suka zo barka suka leƙa, kowace ta kawo dalilinta. Wata ta ce Tamu ta yi faskare tana da ciki. Wata ta ce ai ta fita waje ranar da aka kama wata. Inna Fadi ta ce ita dai a danginsu ba a taɓa yi ba.

Yadda yaron ya rayu kuwa, kowa ya sani, ba dai mai faɗi. Tamu takan saki asabari a ƙofa, ta tatse nononta a ƴar ƙwarya, ta zaunar da shi a cinya, ta riƙa ɗiga masa da ƙaramin ludayi har ya ƙoshi. In ta gama sai ta fito ta miƙa wa Inna Fadi shi tana kallon wani wajen, kamar mai maido da kayan aro. Mutane kuwa suka yi ta yaba hannun Inna Fadi a wajen reno, ita ma ba ta taɓa musawa ba.

Dikko ya wuce shekara ɗaya lokacin da tari ya kama shi, Inna Fadi ta kai shi wurin majo, malamin asibiti, a Dungas ranar kasuwa. Majo ya haska bakin, ya ce ai wannan ana ɗinke shi. Akwai wani lokotoro, wato likita, bature da yake zuwa Damagaram sau ɗaya a shekara, ya yi ƴan kwanaki yana irin wannan aiki, sannan ya koma. Yanzu haka ya kusa zuwa.

Baffa, wan mahaifin Hambali, shi ne babba a gidan. Da farko ya ce abin da Allah ya tsaga ba bature ne zai ɗinke ba. Da ya tuna bai taɓa ganin Damagaram ba, sai ya ce neman magani ma sunna ne. Aka tsara tafiya. Inna Fadi za ta goya yaro, Baffa zai yi magana da hukuma. Hambali ya ce shi dama yana da niyyar zuwa birni sayen kanwar shanu, sai ya bi su kawai. Aka daɗe ana shawara kan Tamu, tunda abin bai shafe ta ba. Daga baya aka tuna nonon a jikinta yake, aka ce to, ta biyo su ta riƙe ƙwarya.

Amalanke ya kai su Magariya, daga nan suka hau kamyo, babbar motar kaya. Da suka isa asibiti aka nuna musu wani dogon ɗaki mai gadajen ƙarfe a jere, yana warin magani. Mai kula da ɗakin wata ce da ake kira Madam Zuwera, ƴar Magariya, gajera mai saurin tafiya da saurin baki.

"Wace ce uwar yaron?" in ji ta.

Tamu ta zuba wa yatsun ƙafarta ido. Inna Fadi ta ce, "Ga ni."

Madam ta dubi furfurar da ta leƙo ta ƙarƙashin ɗankwalin Inna. "Inna, ke kika haife shi? Kai, Allah mai iko."

"Ni nake riƙonsa."

"Ubansa fa?"

Hambali yana tsaye a wurin, ya ɗaga kai yana nazarin rufin ɗaki. Baffa ya yi gyaran murya ya ce, "Ubansa yana nan cikin garin nan."

Madam Zuwera ta san mutanen ruga, ba yau ta fara ganin su ba. Ta fuskanci Inna Fadi, amma ta ɗaga murya yadda mai riƙe da ƙwarya za ta ji. Ta ce gobe da hantsi za a yi aikin. Daga kiran sallar asuba kada komai ya wuce ta bakin yaron, ba nono, ba kunu, ko ruwa. Za a shaƙa masa maganin barci, in kuwa da wani abu a cikinsa zai taso ya shige masa huhu yana barcin, shi ke nan ba zai farka ba.

"Kin ji, Inna?"

"Na ji mana, kurma ce ni?"

Da la'asar suka fita gindin darbejiya inda ƴan jinya suke shimfiɗa tabarmi. Tamu ta zauna nesa kaɗan, ta ba su baya, kunnenta na wurinsu.

"Yau na ga abin mamaki," in ji Inna Fadi. "Azumi ga yaron da bai gama haƙora ba. Ko watan azumin kansa ba a ɗora wa yaro."

Baffa ya ce, "Ragon layya ma sai an ba shi ruwa kafin a sa masa wuƙa."

"Shi baturen ai da cikinsa cike zai shigo."

"Da shayinsa da burodinsa."

Hambali kuwa yana ta sassaƙa wani tsinke da wuƙa.

Gari ya waye, Dikko ya fara kukan yunwa. Kukansa ta hanci yake fita, siriri, ga shi ba ya tsayawa. Tamu na zaune a tabarma gefen gado, ƙirjinta ya cika yana mata zafi, ta ƙura wa bango ido. Inna Fadi ta jijjiga shi, ta yi masa waƙa, bai yi shiru ba. Can sai ta saɓa shi a kafaɗa ta ce za ta kai shi shan iska.

Kukan ya yi nisa, sannan ya tsaya cak. Tamu ta ɗauki ƙwarya kamar za ta je famfo, ta zagaya bayan ɗakin. Ga Inna Fadi a tsugune, ta kare da mayafi, tana ɗura wa yaron fura da nono da ludayi. Yana haɗiya yana sheshsheka, fari-fari na ɗigowa ta hancinsa.

Inna ta waiwayo. "Ke, me kika gani?"

"Ban ga komai ba, Inna."

"Madalla." Ta goge masa hanci da bakin zane. "Ludayi nawa ne ma duka. In ba ki faɗa ba, wa zai shiga cikinsa ya duba?"

Da hantsi Madam Zuwera ta shigo da wani ƙato mai koriyar riga wanda zai ɗauki yaron. Baffa ya shigo da carbinsa. Hambali ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon wani ƙadangare.

"Ya ci ko ya sha wani abu?"

"Ko ruwa," in ji Inna Fadi.

"Ni shaida ne," in ji Baffa, wanda tun asuba yana masallaci.

Mai koriyar riga ya karɓi Dikko ya nufi ƙofa. Tamu ta bi su da ido. Ta yi tari, ba wanda ya kula. Ta saki ƙwaryar hannunta ta faɗi ƙasa, Inna ta ce, "Ke dai kin cika sakaci." Ta matsa kusa da Madam ta ce a hankali, "Wancan..." amma Madam ta riga ta juya wurin wata mata da ɗanta ke amai. Mai koriyar riga ya fita, ya miƙe dogon barandan da ke kaiwa ɗakin aiki. Tamu ta bi shi har ƙofa, ta wuce ta gaban mijinta. Barandan cike yake da mata da yara, in ta ce "wancan" ba wanda zai san wanda take nufi. Ƙofar ɗakin aikin ta buɗe.

"Dikko ya sha fura!"

Ita kanta ba ta san tana da irin wannan murya ba. Mai koriyar riga ya tsaya ya waiwayo.

"Wane ne Dikko?"

"Wanda ke hannunka. Ɗana ne. Dikko. Ya sha fura da nono, da idona na gani."

Carbin Baffa ya tsaya a hannunsa, ya ce, "Inna lillahi." Hambali ya juya zai gudu, ya yi karo da ƙyauren ƙofa. Inna Fadi ta dafe baki da hannu biyu.

"A gaban Baffa!" in ji ta. "A gaban mijinta! Har sau biyu ta faɗa, jama'a kun ji!"

Madam Zuwera ta iso da gudu, ta kai hancinta bakin yaron ta shinshina, ta dubi Inna Fadi. Lokotoro ya leƙo da ƙyalle a fuska. Madam ta yi masa bayani da faransanci. Ya sauke ƙyallen, fuskarsa ta yi ja, ya yi magana mai tsawo yana nuna Inna, yana nuna Baffa, yana nuna sama.

"Me ya ce?" in ji Baffa.

"Ya ce yana gaishe ku," in ji Madam. "Ya kuma ce sai gobe. Jibi zai tafi. In aka sake yin haka gobe, ku koma da yaronku sai baɗi."

Ranar nan ba wanda ya yi wa Tamu magana. Inna Fadi ta bi tabarmin ƴan jinya ɗaya bayan ɗaya tana ba da labarin ƴan matan zamani da ba su san ɗan fari ba. Zancen fura bai shigo cikin labarin ba. Tamu kuwa kunya ta gaske take ji. In ta tuna muryarta a barandan nan sai ta ji kamar ta shige ƙarƙashin gado ta zauna can har a tashi tafiya.

Da yamma Baffa ya dawo daga cikin gari da kwalba cike da rubutu, wani malami ya yi masa. Tamu ta ji yana cewa Inna, "Gobe kafin a ɗauke shi ki ba shi wannan ya shanye. Abinci suka hana. Wannan ayar Allah ce."

"Ai ko baturen bai isa ya hana ba," in ji Inna.

Washegari, Inna Fadi na tsaye tana sallar asuba, Tamu ta ɗauki Dikko daga gado, ta aza shi a baya, ta ɗaure da zane da majanyi tamau, ta fita. Ba ta taɓa goya shi a waje ba. Ta ji ɗumin cikinsa a bayanta, ta ji idon duk duniya a kanta, ko da yake ba kowa a filin sai wani mai shara. Ba ta san inda za ta ba, sai ta kama zagaya filin asibitin.

Inna ta sallame, ta ɗauki kwalba ta biyo ta.

"Tamu, kawo yaron nan."

"To, Inna."

Ba ta tsaya ba.

"Ke, na ce ki tsaya!"

"To, Inna, ga ni nan."

Ta ƙara sauri. Suka wuce famfo, suka wuce ɗakin haihuwa, suka zagayo ta gindin darbejiya. Dikko na kuka a baya, Tamu na gaba kanta a sunkuye da ladabi, Inna na biye tana haki tana kaɗa kwalba. Ƴan jinya suka bar wanke-wankensu suka tsaya kallo. Duk abin da Inna ta faɗa, Tamu sai ta ce to. A zagaye na gaba gwiwoyin Inna suka gaza, ta zube kan tabarmar wasu mutane tana cewa a kira mata Baffa.

Baffa ya zo ya tsaya a tsakiyar fili. Tamu ta hango shi, ta kauce ta bi ta bayan wani ɗaki, kamar yadda ya kamata matar ɗa ta kauce wa surukinta. Shi kuwa ba shi da halin bin ta, balle ya kai hannu bayanta ya kwance zane. Ya juya wurin Hambali.

"Kai, je ka karɓo yaron nan."

Hambali ya zaro ido. "Ni, Baffa? In ɗauke shi? A gabanka?"

Baffa ya koma kan carbinsa. Gaskiya ne, ba a yi. Suka tsaya su biyu suna kallon Tamu tana ta zagaye, rana na hawa.

Madam Zuwera ce ta raba rigimar. Ta karɓi kwalbar daga hannun Inna da hannu biyu, ta ce, "Baffa, ai ayar Allah ba sai ta bi ta maƙogwaro take aiki ba." Ta zuba a tafin hannu, ta yi bisimilla, ta shafe wa Dikko kai da fuska yana goye. Baffa ya yi tunani ya ce dama shi shafawa yake nufi. Madam ta kwance majanyin da kanta ta wuce da yaron.

Tamu ta zauna a ƙasa jikin bangon ɗakin aiki. Bayanta ya yi sanyi inda yaron ya tashi. Ba ta ji komai daga ciki sai ƙarar ƙarafa jefi-jefi. Ta yi duk addu'ar da ta iya, ta ƙare, ta sake farowa. Wajen azahar aka fito da shi a kwance ta gefe, bakinsa da busasshen jini, an naɗe masa hannuwa da kwali don kada ya tanƙwara su ya kai baki. Yana numfashi. Da ya farka ya buɗe baki zai yi kuka, Tamu ta leƙa ta ga rufin bakin a haɗe, da baƙin zare a jere kamar ɗinkin ƙwarya.

Madam ta kawo ƙaramin cokali ta yi bayani. Abu mai ruwa-ruwa kawai, kaɗan-kaɗan, ta gefen baki, kada cokali ya taɓa ɗinki. Bayan kowane ci a bi da ruwa mai tsabta. A riƙe shi a zaune, a kula da hannuwansa, kada ya yi dogon kuka. Haka za a yi ta yi dare da rana har zaren ya narke, ko an koma gida.

Inna Fadi ta karɓi cokalin, don ta nuna har yanzu ita ce mai yaro. Dikko ya kauda kai, ya banƙare, ya buge ta da kwali a hanci. Ta yi yini ɗaya tana fama, a na biyu ta ce bayanta ya riƙe, ta ajiye cokalin a bakin gado ta fita shan iska. Ba ta ce wa kowa ya ɗauka ba. Tamu ta ɗauka.

Suka yi kwanaki a haka. Kumburin ya sauka, aka daina ganin jini a miyau. Hambali yakan leƙo ta taga ya tambayi mutanen ɗakin gaba ɗaya ya jiki, ya daɗe yana jiran amsa daga gado ɗaya. Kanwar shanu dai har yanzu bai samu mai kyau ba.

Ranar da aka sallame su, kafin su tafi tasha, Baffa ya tara su a gindin darbejiya. Ya ce abin da ya faru ba zai wuce haka nan ba, don labari zai riga su isa gida. Yarinya ta faɗi sunan ɗan fari a bainar jama'a, ta ce ɗanta ne, ta goya shi ta zagaya asibiti da shi, ta sa surukarta gudu.

"A mayar da ita gidansu ta yi wata biyu, ta koyo hankali," in ji Inna Fadi.

"Haka ya dace," in ji Baffa. "Yaron sai ya zauna wurinki, ki ci gaba da cokalin."

Inna ta dafa bayanta. Can ta ce, "Ko kuwa dai a duba wata hanyar. Gidansu ai hutu za ta je yi."

Baffa ya ja carbi, ya dubi sama, ya dubi ƙasa. Sannan ya yanke hukunci.

"Tunda da bakinta ta ce ɗanta ne, to a bar mata kayanta. Ita za ta goya, ita za ta ba shi abinci, ita za ta yi masa wanka. Ciki da waje, a gaban kowa. Kada wanda ya karɓa mata. Ta ɗanɗana ta ji in da daɗi."

"Shi ke nan," in ji Inna. "Kin ji abin da rashin kunya ya jawo miki."

Tamu ta durƙusa, kanta a ƙasa. "To, Baffa."

A cikin kamyon Magariya suka samu wuri kan buhunan gero. Tamu ta zaunar da Dikko a cinya, ta ja mayafi ta lulluɓe kanta da shi gaba ɗaya. Kafaɗunta suka riƙa motsi. Wata fasinja ta tambaya ko lafiya, ko a ba ta ruwa.

"Ƙyale ta ta yi kukanta," in ji Inna Fadi, tana miƙe ƙafafu. "Horo ne aka yi mata."

A ƙarƙashin mayafin Tamu ta cije leɓe don kada dariyar ta fito. Ta ɗebo kunu a cokali, ta hura, ta jira motar ta wuce gargada, sannan ta kai masa ta gefen baki.